Me ya sa gaɓar ta yi shiru?

Kowa ya san hoton: farin rairayi, ruwa garau mai launi tsakanin shuɗi da kore, bishiyar kwakwa ta karkato kan ruwa, ko sawun ƙafa ɗaya babu. Masu tallar yawon buɗe ido abu biyu suke sayarwa a ƙunshi ɗaya. Na farko hutu a wurin da babu hayaniya. Na biyu damar ɗaura gilashi a fuska, a sa bututun numfashi a baki, a kifa ciki a kan ruwa a yi ta kallon kifi da murjani ba tare da an nutse ba. Tambayar da mai shirin tafiya ba ya cika yi wa kansa ita ce, wuri mai kyau haka, ina mutane suka shige? Ruwa dai ba ya tsami banza. Duk gaɓar da ta yi kyau kuma ta yi shiru akwai dalilin shirunta, kuma wannan dalili shi ne zai yanke hukuncin ko hutu za a yi ko wahala za a sha.

Wani lokaci dalilin hanya ce kawai: jirgin sama, sannan ƙaramin jirgi, sannan kwale-kwale mai inji ɗaya wanda ba ya tashi sai teku ta yarda. Wani lokaci kuma yanayi ne. A tsibiran Maldibs, daga Mayu zuwa Oktoba iskar kudu maso yamma ce ke kaɗawa, da ruwan sama da raƙuman ruwa, sai daga Disamba zuwa Afrilu teku ke lafawa. Tsibiran Similan na ƙasar Tailan ma hukuma rufe su take yi daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba. Wanda ya ga gaɓa wayam a irin wannan lokaci ya yi murna ya samu wuri shi kaɗai, to ya sani waɗanda suka san wurin ne suka ƙaurace masa. Akwai kuma shirun da kuɗi ya saya, inda otal ɗaya ya mallake tsibiri guda, kamar yadda Maldibs ta tsara tun da aka buɗe wurin shaƙatawa na farko a 1972. Sai kuma mafi muni, gaɓar da mutanen wurin da kansu ba sa shiga ruwanta domin sun san abin da ya taɓa yi.

Kafin a zo kan haɗari, yana da kyau a fahimci abin da ake zuwa kallon, don yawancin kurakuran baƙi daga rashin saninsa suke tasowa.

Ruwan da ya yi garau har ana hango ƙasa daga zurfin mita 20, talaucinsa ne ya sa ya yi garau. Babu wadatar sinadaran da ke ciyar da ƙananan tsirran da ke yawo cikin ruwa, waɗanda su ne ke sa tekun ƙasashe masu sanyi ta yi kore ta yi duhu. Abin mamakin shi ne a tsakiyar wannan talauci ake samun wurin da ya fi ko'ina cunkoson halittu a teku. Duwatsun murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku suna rayuwa a jikinsu ko sun dogara da su. Sirrin yana cikin murjanin kansa. Abin da ido ke ɗauka dutse ne ko tsiro, dabba ce: dubban ƙananan halittu masu taushin jiki, kowace ta gina wa kanta gida na farar ƙasa, na baya suna gini a kan na gaba. A cikin naman kowace akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke amfani da hasken rana ta haɗa abinci ta ba mai masaukinta, har kusan kashi 90 cikin 100 na abin da yake buƙata. Ita ce kuma ke ba shi launi. Shi ya sa murjani ke son ruwa marar zurfi, mai haske, mai ɗumi tsakanin digiri 23 zuwa 29 a ma'aunin Selshiyas. Shi ya sa kuma mai iyo da bututu, wanda bai wuce saman ruwa ba, yake ganin mafi kyawun abin da ke wurin. Masu nutsewa da tukunyar iska suna zuwa ƙasa, amma launi a sama yake, domin ruwa yana shanye jan launi tun daga mita biyar ɗin farko, abin da ke ƙasa duk sai ya koma shuɗi-shuɗi.

Idan ka kifa fuska ka yi lamo, abin da zai fara ba ka mamaki ba kallo ba ne, ji ne. Ƙarƙashin ruwan ba shiru ake ba. Akwai wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas da ba ta yankewa, wadda ƙananan jatan lande ke yi da ƙafar damƙarsu. A bayanta kuma za ka ji ƙurus, ƙurus. Bi sautin da ido, za ka ga wani kifi mai launin kore da shuɗi da ruwan hoda, haƙoransa sun haɗe sun zama baki irin na aku, yana kankare gansakuka daga jikin dutse, yana haɗawa da dutsen. Ka ɗan jira. Yana juyawa zai saki wani farin gari daga bayansa, ya bazu cikin ruwa ya sauka a hankali. Wannan garin shi ne rairayin da ka shimfiɗa tawul a kai. Babban kifi irin wannan yana iya fitar da ɗaruruwan kilo na yashi a shekara, kuma binciken da aka yi a wani tsibiri na Maldibs ya nuna mafi yawan sabon yashin da ke gina tsibirin daga cikin waɗannan kifaye ya fito. Ma'ana, gaɓar da murjanin da kifin abu ɗaya ne. Idan aka kame kifin, gansakuka ta lulluɓe murjani. Idan murjani ya mutu ya ruguje, babu abin da zai karya ƙarfin raƙuman ruwa kafin su iso, sai teku ta fara cin gaɓa.

Saurin ginin kuwa na hawainiya ne. Murjani mai rassa kan ƙaru da kamar santimita 10 a shekara idan komai ya yi daidai, mai siffar dunƙulen dutse kuma sau da yawa santimita ɗaya ko biyu. Wanda ya gaji ya ɗora ƙafa a kan wani reshe don ya gyara gilashinsa, cikin daƙiƙa ɗaya ya karya aikin shekaru. Kuma ba mugunta ce ke jawo wannan ba. Gajiya ce da tsoro, abin da ke kai mu ga jikin mai iyon.

Iyo da bututu yana kama da wasan yara, shi ya sa ake raina shi. Amma numfashi ta bututu ba irin numfashin da aka saba ba ne. Duk iskar da ka fitar, wani kaso nata yana maƙale cikin bututun, shi za ka fara shaƙa a numfashi na gaba. Mai yin gajeren numfashi da sauri-sauri, kamar yadda mai fargaba ke yi, kusan iska ɗaya yake ta juyawa, sai kai ya fara ciwo, ƙirji ya yi nauyi, fargabar ta ƙaru. Maganin shi ne dogon numfashi a hankali. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ba a yin bututun ya wuce kimanin santimita 40. Ban da tsohuwar iska da za ta ƙaru, ƙirjin mutum ba zai iya buɗewa ya ja iska daga sama ba idan ya yi ƙasa da mita ɗaya, saboda nauyin ruwan da ke danne shi. Gilashi ma yana da nasa yaudarar: komai na ƙarƙashin ruwa yana bayyana ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ya fi kusa. Ƙasan da kake ganin ƙafarka za ta taɓa, sau da yawa ba za ta taɓa ba.

A jihar Hawayi ta Amurka, inda ake ajiye lissafin mutuwar ruwa da kyau, iyo da bututu ne ke kan gaba wajen halaka baƙi masu yawon buɗe ido, ya fi hawan raƙuman ruwa da ake wa kallon haɗari. Abin da ya fi ɗaure wa masu ceto kai shi ne yadda abin ke faruwa. Babu ihu, babu fafutuka. Ana tsintar mutum a kife a ruwa mai natsuwa, wani lokaci kusa da gaɓa, kuma da yawansu sun haura shekara 50. Masu bincike a can sun nuna cewa a wasu lokuta ba ruwan teku ne ya shiga huhu ba. Wahalar jan iska ta matsattsen bututu, haɗe da yunƙuri da raunin zuciya da mai shi bai san da shi ba, kan sa ruwan jiki ya taru a huhu, iska ta gaza shiga jini, ƙarfi ya ƙare, hankali ya gushe. Alamarsa ƙarancin numfashi da kasala ta farat ɗaya. Wanda ya ji haka ya cire bututu, ya juya rigingine, ya ɗaga hannu, ya fita. Matsalar ita ce mai kife a kan ruwa yana kallon kifi da wanda ya suma, daga nesa kamanninsu ɗaya. A gaɓar da ke da masu ceto ma da wuya a bambance, balle inda babu kowa.

Nan ne shirun da aka biya kuɗi aka zo nema yake juyewa. Gaɓa mai cunkoso tana da tuta mai nuna yanayin ruwa, da mai gadi a kan hasumiya, da ɗaruruwan idanu, da asibiti a kusa. Gaɓa mai nisa ba ta da ko ɗaya, wani lokaci har layin waya babu. Ƙaramin abu sai ya zama babba. Yankan murjani a gwiwa, wanda ke saurin ruɓewa idan ba a wanke shi sosai da ruwa mai daɗi da sabulu ba. Ƙayar bushiyar teku a tafin ƙafa. Kifin nan mai kama da dutse da ke kwance a ruwa marar zurfi a tekun Indiya da Fasifik, wanda dafin ƙayarsa sai an tsoma ƙafar cikin ruwan zafi kafin a kai ga likita. A arewacin Ostiraliya kuma daga wajen Nuwamba zuwa Mayu akwai wata halitta mai jiki kamar ruwa, mai dogayen zare masu harbi, wadda ke iya kashe mutum cikin mintuna, har ana ajiye kwalaben ruwan binega a bakin teku dominta. Kifin shak da kowa ke tsoro shi ne ƙarshen abin damuwa a wannan jeri.

Babban abokin gaba dai shi ne ruwan da ke tafiya. Yawancin irin waɗannan gaɓoɓi suna da shingen murjani a can gaba, inda raƙuman ruwa ke fashewa, da kwantaccen ruwa a tsakanin shingen da rairayi. Duk ruwan da raƙuman suka zubo ciki dole ya koma, kuma ta ƙofofin da ke jikin shingen yake komawa. Idan teku ta fara janyewa, wadda a yawancin wurare takan yi sau biyu a yini, ƙofar nan ta zama bakin kogi mai gudu zuwa waje. Janyewar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa. Abin takaici, bakin ƙofar ne ya fi tara manyan kifaye, saboda nan abinci ke wucewa, don haka nan ido ke jan mutum. A gaɓar da ba ta da shinge ma akwai irin wannan igiyar ruwa mai ja waje, kuma tana iya kai gudun kusan mita 2 da rabi a daƙiƙa, abin da ya fi ƙarfin zakaran ninkaya na duniya. Daga tudu ana iya gane ta: wani zirin ruwa da ya fi na gefensa duhu, raƙuma ba sa fashewa a cikinsa, kumfa da ganyaye suna bin sa zuwa waje. Baƙo yana ganinsa ya ce ga wurin da ya fi lafiya. Igiyar ba ta jan mutum ƙasa, waje take kai shi, kuma ba ta cika faɗi ba. Abin da ke kashewa shi ne kokawa da ita kai tsaye har ƙarfi ya ƙare. Wanda ya saki jiki ya yi iyo ta gefe, a layi ɗaya da gaɓa, yakan fita daga cikinta. Iya ruwa fid da kai, kuma a teku fid da kan ya fi dogara ga sanin lokacin shiga da wurin fita fiye da ƙarfin damtse. Masuncin da ke gyaran koma a inuwa ya san wannan ƙofa tun yana yaro. Minti biyar na tambayarsa sun fi duk abin da ke cikin takardar talla.

Rana ma tana aikinta a ɓoye. Ruwa yana sanyaya fata har mutum ba ya jin zafi, alhali bayansa da ƙeyarsa da bayan gwiwoyinsa suna gasuwa, kuma duhun fata ragewa yake yi, ba ya hanawa. An yi ta cece-kuce kan man kariyar rana, har ƙasar Palau ta haramta wasu nau'o'insa daga 2020, Hawayi ta bi sahu daga 2021, bisa zargin wasu sinadaransa suna cutar da murjani. A ganina an ba wannan batu muhimmancin da ya fi ƙarfinsa, domin yana da sauƙin yi kuma yana sa mutum ya ji ya sauke nauyi. Riga mai dogon hannu ta iyo ta warware matsalar ta kowane ɓangare. Abin da ke kashe murjani da gaske ya fi kwalbar mai girma nesa ba kusa ba.

Zafi ne. Idan ruwa ya ɗara zafin da ya saba kaiwa a lokacin bazara da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe a haka makonni, murjani sai ya kori gansakukar da ke cikinsa. Launi ya tafi, ya koma fari fat, yana raye amma yana cikin yunwa. Idan ruwa ya huce da wuri yakan farfaɗo, idan bai huce ba ya mutu. An ga wannan a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sannan a Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da karo na huɗu. Tsakanin 2009 da 2018 kaɗai duniya ta yi asarar kimanin kashi 14 cikin 100 na murjaninta. Abin da ya kamata mai neman gaɓa mai nisa ya lura da shi shi ne inda ɓarnar ta fi faɗawa. A 2016, a babban shingen murjani na Ostiraliya mai tsawon kusan kilomita 2,300, yankin arewa ne ya fi jin jiki, wanda shi ne ya fi nisa da birane da gonaki da masu yawon buɗe ido. Kusan kashi biyu cikin uku na murjanin ruwa marar zurfi a can ya mutu. Nisa yana kare wuri daga ƙafar mutum da ƙugiyar jirgi da ƙazantar gari, amma ba ya kare shi daga ruwan zafi. Ko daga shara ma ba ya karewa. Tsibirin Henderson da ke kudancin Fasifik babu mai zama a cikinsa, amma a 2017 masu bincike sun ƙiyasta tarkacen roba kusan miliyan 38 a gaɓarsa, duk igiyar teku ta kawo. Don haka hoton da aka ɗauka shekara goma da suka wuce ba shaida ba ne kan abin da za a tarar yau. A nemi labarin bana.

Sai kuma abin da ba a son faɗa: shi kansa shirun kaya ne mai ƙarewa, kuma mai zuwa nemansa yana cikin masu cinye shi. Gaɓar Maya da ke tsibirin Phi Phi Leh a Tailan ta kasance irin wurin da ake mafarki, duwatsu sun kewaye ta, sai ta ruwa ake shiga. Wani fim da Leonardo DiCaprio ya fito a ciki a 2000 ya nuna ta ga duniya a matsayin ɓoyayyar aljanna. Kafin 2018 mutum kusan 5,000 ke sauka a ɗan wannan rairayi kullum, jirage kusan 200 suna jefa ƙugiya a kan murjani. A Yunin 2018 hukuma ta rufe wurin da niyyar 'yan watanni, sai da ya kai Janairun 2022 kafin a sake buɗewa. A tsakanin nan ƙananan kifayen shak masu baƙin tsinin fiffike suka dawo suna haihuwa a ruwan. A 2018 ɗin dai Shugaba Duterte na Filifins ya rufe tsibirin Boracay na wata shida, bayan ya kwatanta ruwansa da ramin masai. A da sai littafi ko fim ke tona asirin wuri, abin ya ɗauki shekaru. Yanzu hoto ɗaya a Instagram mai ɗauke da alamar wuri ya isa.

Wannan ya sa ma'anar gaɓa mai shiru ta fara sauyawa, kuma ina ganin sauyin alheri ne ko da yake bai da daɗin talla. Gaɓar Hanauma a tsibirin Oahu na Hawayi ba ta da nisa ko kaɗan, 'yar tafiya ce a mota daga birnin Honolulu. A ƙarshen shekarun 1980 tana karɓar baƙi kusan miliyan 3 a shekara, suna tattaka murjani suna jefa wa kifi abinci. Yau an ƙayyade adadin masu shiga, an hana ciyar da kifi, sai an kalli ɗan gajeren bidiyo na ƙa'idoji kafin a sauka, kuma ana rufe wurin Litinin da Talata don ruwa ya huta. Akwai masu ceto a bakin gaɓa. Palau kuwa tun 2017 take buga wani alkawari a fasfon baƙo, ya sa hannu cewa zai kula da muhallinta. Ga wanda bai ƙware da teku ba, irin waɗannan wurare da doka ta rage wa cunkoso sun fi masa gaɓar da ba ta da suna a taswira, ta fuskar lafiyarsa da ta abin da zai gani. Wanda kuma ya dage sai mai nisan, to ya tafi da abokin iyo da ba za su rabu ba, da rigar da ke hana nutsewa ko da ya iya ruwa, da jadawalin cika da janyewar teku, ya shiga da safe kafin iska ta taso, ya fara iyo yana fuskantar igiya domin dawowa ta zo masa da sauƙi lokacin da ya gaji.

A gaɓar Maya yanzu jirage ba sa shiga ta gaba. Ta bayan tsibirin ake sauke mutane, su taka gadar katako su ɓullo kan rairayi, a ba su kimanin sa'a guda. Ana rufe wurin a Agusta da Satumba kowace shekara. Ruwan ya koma garau, kifi ya dawo, amma an hana iyo a cikinsa, iyakar baƙo ya tsoma ƙafa a bakin ruwa ya ɗauki hoto.